Wayar nuna hanya ta ƙi caji a zafin Makka: abin da za ka duba kafin ka sayi sabuwar caja

Duk wanda ya san Rusaifa shekara 15 da suka wuce, in ya dawo yau sai ya nemi ɗan rakiya. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Haramain a unguwar a 2018, motoci ba sa yankewa dare da rana, ana kwasar baƙin da suka sauko daga Madina da Jidda zuwa masaukansu. Ga kuma aikin Masar, babban titin nan da ya tashi daga wannan sashe ya doshi Harami, wanda ya ratsa tsoffin unguwanni irin su Hindawiyya da Tandubawi. Lungunan da tsofaffin direbobinmu suka haddace tun suna samari da yawa babu su yanzu. Inda ka saba juyawa jiya, yau sai ka tarar an toshe an ce ka zaga.

Shi ya sa da wuya ka leƙa mota a nan ba ka ga allo manne da gilashi ba. Yawanci waya ce da Google Maps, jefi-jefi kuma ka ga tsohuwar na'urar Garmin. Tare da allon kuma akwai koke guda da nake ji daga direbobin gida da masu kai kaya da ma 'yan'uwana mata da suka fara tuƙi bayan an ba da izini a watan Yunin 2018: "Na jona ta tun safe, amma ta ƙi caji." Wani ya ce alamar caji tana nunawa amma batirin ƙasa yake yi. Wani ya ce yana tsakiyar hanya allon ya ɗauke.

Mafi yawan masu wannan koke abu ɗaya suke yi, su tsaya a shago su sayi sabuwar caja. Sau da yawa kuwa cajar lafiyarta ƙalau.

Me ya kawo nas cikin maganar batir?

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban taɓa zama a shagon gyaran jawwal ba. Abin da ya ja hankalina shi ne jinkirin da nake gani a bakin aiki. A bazarar da ta wuce an kawo mana wani dattijo ɗan Umara mai ciwon ƙirji da la'asar. Ɗan'uwansa ne ya ɗauko shi a mota, yaro ne da bai fi wata huɗu da zuwa daga Maradi ba, bai gama sanin gari ba, rubutun Larabcin allunan hanya ma bai zauna masa ba tukuna. Suna fitowa daga cikin ramin dutse wayarsa ta mutu. Ya yi ta zagaye yana tambayar mutane, tafiyar minti 15 ta zama kusan awa guda. Allah Ya sa dattijon yana da sauran kwana. Amma duk wanda ya yi aiki da masu ciwon zuciya ya san cewa kowane minti da ya wuce, wani ɓangare na naman zuciyar ne ke lalacewa.

Da hankali ya kwanta, yaron ya miƙo mini wayar ya ce, "Anti, wallahi a jone take tun azahar." Na taɓa bayanta, kamar an sauke ta daga kasko.

Daga ranar na fara bibiyar abin. Na karanta bayanan kamfanonin da ke ƙera na'urorin, na kuma yi ta tambayar masu rewaya, waɗanda a nan ake ce wa kahraba'i. Abin da na tattara shi ne wannan, kuma na jera shi yadda muke duba majiyyaci, wato a fara da abin da ya fi yawan faruwa kuma ya fi sauƙin magani.

Zazzaɓi ne ke damunta

Batirin da ke cikin waya da na'urar nuna hanya, irin wanda ake kira lithium ne. Yana da iyakar zafin da yake iya karɓar caji a cikinsa, galibi daga digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin Salsiyos. Littafin na'urorin mota na Garmin wannan iyaka yake bayarwa. Kamfanin Apple ma ya fi tsanantawa, ya ce an ƙera iPhone don a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A cikin na'urar akwai ɗan ma'aunin zafi. Da zarar ya ga an ƙetare iyaka, sai ta rage cajin ko ta tsayar da shi gaba ɗaya, ta dusashe allo, in abin ya ci gaba ta kashe kanta. Da gangan aka yi ta haka, domin cusa wa batir mai zafi wuta shi ke kumbura shi, wani lokaci har ya kama da wuta.

To a gwada waɗannan lambobi da garin da muke ciki. A Hajjin 2024, hukumar yanayi ta Saudiyya ta auna digiri 51.8 a Harami, kuma ministan lafiya ya sanar da rasuwar mahajjata 1,301. Ko ba a kai wannan matsayi ba, daga Mayu zuwa Satumba digiri 40 da ɗoriya abin yau da kullum ne a Makka. Saboda haka ne ma gwamnati ke hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Wannan fa zafin waje ne. Cikin mota wani labari ne daban. A 2018 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka sun ajiye motoci a rana na awa ɗaya, a ranakun da zafi ya kai kimanin digiri 38. Iskar cikin motar ta kai kusan digiri 47, saman dashbod kuwa, wanda mutanen nan ke kira tablon, ya kai kusan 69. Daidai wannan wurin muke manna waya, a bayan gilashi, rana na dukanta kai tsaye.

Ƙari a kan haka, ita kanta wayar tana haifar da nata zafin. Allo a ƙure saboda hasken rana, tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS da ke nisan kusan kilomita 20,000 a sama, tana jawo taswira ta intanet, ga caji na shiga. A ramukan duwatsun Makka kuma, inda saƙon tauraron ba ya ratsawa, ka fito sai ta sake lalube kafin ta gane inda take. Mutum mai zazzaɓi aka ɗora wa kaya aka ce ya yi gudu a rana, yaya za a yi bai faɗi ba?

A sanyaya ta tukuna

In aka kawo mana wanda rana ta buga, abu na farko shi ne a sauke zafin jikinsa, sauran su biyo baya. Ita ma na'ura haka ne.

In ka ga caji ya tsaya kuma bayanta da zafi, ka samu wuri ka tsaya, ka cire ta daga caji, ka zare mata rigar roba, ka riƙe ta gaban iskar mukayyif na wasu mintuna. In ka mayar da ita ta karɓi caji, ka gano cutar ba ka kashe ko riyal ɗaya ba. Kada dai ka saka ta a firji ko cikin kular ƙanƙara. Sanyin gaggawa yana tara raɓa a cikinta, wannan kuma shi ne lalacewar gaske.

Maganin dindindin shi ne sauya mata mazauni. Akwai mariƙin da ake maƙalawa a bakin ramin iskar mukayyif, ya fi na gilashi nesa ba kusa ba a irin wannan gari. Ka caja ta ta cika a ɗaki kafin ka fito, don aikin cajar mota ya zama riƙe ta kawai. Cajar da ake ɗora waya a kai ba tare da igiya ba ta fi ɗumama ta, a bar ta sai lokacin sanyi. In za ka shiga masallaci ko kasuwa, ka tafi da ita a aljihu. Akwatin gaban mota ma tanda ne da rana.

Masu iPhone su san wani abu. In zafi ya sa allon ya ɗauke kana cikin bin taswira, muryar da ke faɗa maka hanya tana ci gaba, kuma allon zai haska in ka kusa kwana. Don haka kada ka rufe muryar, kuma kada ka kai hannu kana latse-latse kana tuƙi. Kyamarorin Sahir suna kama mai riƙe da waya, tarar kuwa daga riyal 500 zuwa 900 ce.

In ba zafi ba ne, a bi layin wuta

Idan da asuba ma, mota da sanyi, na'urar ba ta caji, to sai a bi hanyar da wutar ke bi, daga na'urar zuwa injin.

Bakin cajin na'urar. Ƙura da zaren aljihu suna taruwa a ciki har igiya ta kasa shiga sosai. A nan ga ƙurar gine-gine, a gida ga ta hunturu. Kashe na'urar, ka haska ciki da tocila, ka sakace a hankali da tsinken sakace na itace. Ban da allura ko wani ƙarfe.

Igiyar caja. Ita ta fi saurin mutuwa, domin zafi yana busar da robarta, lanƙwasawa kuma tana tsinka siraran wayoyin ciki kusa da kai. Ari ta wani ka gwada kafin ka saya. Igiya mai araha, doguwa kuma siririya, tana nuna alamar caji amma abin da ke isa batir kaɗan ne.

Ƙarfin cajar. Nan ne amsar masu cewa tana caji amma batir na raguwa. Ramin USB na motoci da yawa, musamman tsofaffi, an yi shi ne don jin karatu ko waƙa daga filasha. Abin da yake bayarwa bai wuce rabin amfiya ba, wato wat 2.5. Waya mai bin taswira da allo a ƙure tana iya shan fiye da haka. Kamar tulu ne mai yoyo ana ɗiga masa ruwa da cokali. Nemi cajar da ake sakawa a ramin kunna sigari, wanda ake kira walla'a a nan, ka karanta rubutun jikinta. In ka ga 5V da 2.4A, wato wat 12, ta isa. Masu tuƙa manyan bas su duba ko an rubuta 12 zuwa 24V, domin wutar manyan motoci 24 ce.

Ramin walla'ar kansa. Yana tara datti da tsatsa, kuma caja kan yi sako-sako a ciki ta riƙa ɗaukewa a kan gargada. In babu abin da ke kawo wuta a ramin ko kaɗan, fis ɗinsa ne ya ƙone. Littafin motar zai nuna maka wurinsa a akwatin fis. Ka maye shi da mai lamba iri ɗaya. Abin nan da ake yi na naɗa siririyar waya ko takardar sigari a madadin fis, shi ke ƙona mota.

Wutar motar. In duk waɗannan lafiya suke, ka je wurin mai rewaya ya ɗora mita. Batirin mota mai lafiya yana nuna kusan 12.6 in injin a kashe yake, in an tayar kuma tsakanin 13.5 da 14.5 ko kusa da haka. In bai hau ba, dinamo ne ba ya caji, kuma ba waya kaɗai za ta tsaya maka a hanya ba.

Tsohuwar Garmin ta Baba

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, asalinsa Bakatsine, ya fi shekara 30 yana tuƙi a gidan wasu Larabawa. Sau uku a mako yake kai uwar gidan wankin ƙoda. Shi bai yarda da taswirar waya ba, yana da Garmin ɗinsa tun ta zamanin da. Wata rana ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "'Yata, an ce kina binciken abin nan. Tawa in na jona ta sai ta nuna hoton kwamfuta ta tsaya cak. Caja uku na saya."

Na ce, "Baba, ina igiyar da ta zo da ita?"

Ya ce ta daina aiki, ya jefa ta a but.

Abin da ke faruwa shi ne, tsoffin na'urorin Garmin suna gane igiyarsu ta asali ta wata 'yar alama da aka saka a kan igiyar. In ka jona su da igiyar gama-gari, wasunsu sai su zaci kwamfuta aka haɗa su da ita, su shiga yanayin kwashe bayanai maimakon nuna hanya. Ita kuma cajar asalin, a cikin hancinta akwai ɗan ƙaramin fis na gilashi. Ana murɗe hancin a fito da shi, a kula kada ɗan sifirin da ƙarfen bakin su faɗi su ɓace. Muka buɗe ta Baba, ga fis ya yi baƙi. Jikansa ya samo mai lamba iri ɗaya a shagon kayan wutar mota, na'ura ta tashi. Kuɗin fis ɗin bai kai na shayi da burodi ba.

Abu biyu na ƙara faɗa masa, kuma sun shafi duk mai irin wannan na'ura. Na ɗaya, batirin cikinta ƙarami ne, an yi ta ne don ta zauna a jone. In ta daɗe a ajiye ta mutu murus, tana iya ɗaukar lokaci a caji kafin ta nuna alamar rai, kuma danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 10 zuwa 15 yakan farfaɗo da wadda ta sandare. Na biyu, taswirar da ke cikinta ta san Rusaifa ta da ne. In ba a sabunta ta ba, za ta tura ka titin da aka rushe.

Ya yi dariya ya ce, "Ai ni nake nuna mata hanya, ita dai 'yar hira ce." Gaskiyarsa. Matsalar tana ga yaran da ba su da taswirar garin a ka.

Lokacin da batir ya zama haɗari

Batir yana tsufa. Apple ya ce batirin wayoyinsa zuwa iPhone 14 an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500. Zafi yana gaggauta wannan tsufa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Wayar da ke faɗowa daga kashi 30 zuwa mutuwa lokaci guda, batirinta ya gama aiki, sai canji.

Amma akwai alamar da ba a jira da ita. In ka ga bayan waya ya ɗago, ko allo ya fara rabuwa da jiki, ko fawa-bank ya yi ciki, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari, ka daina caji nan take. Kada ka matsa shi, kada ka huda shi wai iska ta fita, kada ka bar shi a mota ko ƙarƙashin matashi. Ka kai wa mai gyara. Na wanke ƙunar da batir ya yi wa mutum a cinya, ba abin da zan so wa kowa ba ne.

In tsautsayi ya faɗa aka ƙone, a sa wurin ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi-sanyi na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da ƙanƙara. Hayaƙin batir kuma guba ne, a fita daga motar a ja baya.

Saƙo ga na gida

Masu shirya wa iyaye jakar Hajji ko Umara, ga inda za ku taimaka. Ku sayi caja da igiya masu kyau, ku gwada su a gida. Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Najeriya, don haka mutanen Nijar da cajarsu mai baki biyu ce su nemi adafta. Fawa-bank a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a yarda a saka shi cikin kayan awo ba. Ku sa wani yaro ya sauke taswirar Makka da Madina a Google Maps tun a gida, domin tana nuna hanyar mota ko babu data. Sannan ku rubuta sunan masauki da unguwa da lambar jami'in alhazai a takarda, da boko da Larabci, a saka a jakar wuya.

Duk abin da na faɗa game da zafi kuma ya shafi mai Keke Napep a Sakkwato da mai tasi a Yamai da direban hanyar Agadas a watan Afrilu da Mayu. Rana ɗaya ce, batir ɗaya ne.

Mu da ke nan kuwa, kowane gida yana da gajeren adireshi na ƙasa, haruffa 4 da lambobi 4. A rubuta shi a manna a bayan ƙofa, a kuma ajiye kwafi a mota tare da igiyar caja ta biyu. Sabon direba ya ware rana guda, da asuba ko bayan isha'i, ya bi hanyar asibiti mafi kusa da gidansu sau biyu ba tare da kallon allo ba, har ta zauna masa.

In kuma ciwon ƙirji ne, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutum ya fita hayyacinsa saboda rana, kada a tsaya neman mota da taswira. A kira 997 ko 911 tun waya na da sauran caji. Motar agaji ta san hanya, kuma magani yana farawa tun daga ƙofar gida.